An gayyace ni kwanan daji a Asheville, ga karnuka ga gidajen giya, in je ko in kawo uzuri?

Abu Khalil: Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema don Allah. Akwai wani abokin aikina Bature a nan Greensboro ta jihar North Carolina a Amurka, mutumin kirki ne wallahi, shi ya tsaya min lokacin da nake neman canjin shif saboda Juma'a. To yanzu ya gayyace ni ni da iyali mu bi su Asheville ƙarshen mako, yana da irin tirelar kwanan nan da ake ɗaurawa a bayan mota, da gado da kicin da bayi duk a ciki, za su kwana a daji wajen Brevard shi da matarsa da karnukansu biyu, wani abokinsa ma zai zo da tasa tirelar ya ce za a bar mana ɗaya mu kwana. Matsalar ita ce tsarin nasu, da safe hawan dutse da karnuka, da yamma kuma zagayen wuraren da ake dafa giya, ya lissafa min Sierra Nevada da Oskar Blues da wani Highland. Na ce masa zan yi tunani. Ni dai dajin nake so, yaran ma tun da suka ji batun sun hana ni sakat, amma kare da giya a tafiya ɗaya abin ya yi min yawa

Ɗan Maraɗi: Wa alaikumus salam. Malam mi za ka yi tunani kuma? Ka ce mishi ba ka samu dama ba, shi ke nan. Tahiyar da an riga an hwaɗa maka gidan giya za a, ai ba ta buƙatar shawara

Maman Ilham: Ɗan Maraɗi ka cika saurin yanke hukunci. Bai ce zai sha ba fa, kuma bai ce zai shiga ba. Mutum ya yi maka alheri ya gayyace ka cikin iyalinsa, su a wajensu wannan babban abu ne, ba kowa suke kaiwa kwanan daji ba. In kullum uzuri za mu riƙa kawowa to haka za mu ƙare daga aiki sai masallaci sai kantin 'yan Afirka, yaranmu kuma su tashi suna ganin duk wani abin nishaɗi na wasu ne

Ɗan Maraɗi: Hajiya in haka muka ƙare ai mun ƙare lahiya

Injiniya: Hhhh. Bari in sa baki don na san wajen sosai, daga Charlotte muke zuwa. Abu Khalil da farko ka raba abin gida uku, dajin daban, karnuka daban, gidan giya daban, don in ka cakuɗa su ba za ka ga hanya ba. Dajin dai ba abin da zan ce sai ka je. Wajen Brevard ɗin nan Pisgah National Forest ne, in a Davidson River za su sauka to ka dace, sansanin a bakin rafi yake, kana kwance kana jin ruwa, kuma hanyar 276 da ta wuce ta gabansa in ka bi ta kaɗan za ka ga Looking Glass Falls a gefen titi, ruwa ne ke zubowa daga sama wajen ƙafa 60, ba sai ka yi wata doguwar tafiya ba daga mota sai 'yan matakala. Gaba kuma akwai Sliding Rock inda yara ke sulmiya a kan dutse su faɗa ruwa, amma ruwan sanyinsa ko a watan Yuli sai ka ji haƙoranka na haɗuwa. In ka ci gaba da hawa za ka fito kan Blue Ridge Parkway, titin nan mai mil 469 daga Virginia har Cherokee, ba a gudu a kansa, mafi yawansa 45 ne iyaka

Abu Khalil: E Davidson River ɗin ya ce, tun watannin baya ya kama wuri a shafin intanet na Recreation.gov

Injiniya: To ka gani, ba ƙaramin abu ya yi maka ba, wuraren nan ana fara kama su tun wata shida kafin ranar kuma na ƙarshen mako nan da nan suke ƙarewa musamman Oktoba lokacin da ganye ke canza kala

Malam Abu Hafsa: Salamu alaikum. Ina biye da ku. Batun kare bari in rage wa Abu Khalil nauyi, don mu Hausawa mun ɗauki abin da zafi fiye da yadda mazhabarmu ta ɗauka. A Malikiyya kare mai rai tsarkakakke ne, jikinsa da yawunsa, in ya goge ka ko ya lashi wandonka sallarka ba ta ɓaci ba. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki, malaman Malikiyya sun ɗauke shi a matsayin bin umarni ne kawai, ba don najasa ba. Shafi'iyya ne da Hanbaliyya suka tsananta, Hanafiyya kuma yawun suka ce najasa ne ban da gashin. Abin da aka hana shi ne ajiye kare a gida haka kawai ba don farauta ko gadi ko kiwo ba, kai kuma ba naka ba ne, ba kai ka ajiye ba. Sai dai kada ka kwana da shi ɗaki ɗaya, kuma ka keɓe kwanukanku. Amma gidan giya maganarsa daban ce, hadisi ya zo da hanin zama a teburin da ake zagayawa da giya, wannan ba na jin akwai wata kwana-kwana a ciki

Hajiya Babba: Malam ka yi haƙuri, ko da mazhaba ta ce tsarkakakke ne ni dai zuciyata ba ta ɗauka. Tirelar da za a ba su ɗin fa? Ta abokin ce, shi ma wataƙila da karensa yake kwana a kan katifar, gashi ko'ina, warin nan ya kama labule ya kama kujera. Ni na taɓa shiga motar wata maƙwabciyata mai kare, har na dawo gida abayata duk gashi, sai da na wanke ta sau biyu

Maman Ilham: Wannan kam gaskiya ne Hajiya, amma ai magani ne da shi, a tafi da zanin gado da bargo da darduma na gida. Ko kuma su yi hayar tasu, akwai Outdoorsy da RVshare, mutane ne ke ba da hayar tirelarsu kuma a jikin tallar ana rubuta ko an yarda da dabbobi ko ba a yarda ba, sai ka zaɓi wadda ba a yarda ba. Wasu ma har sansanin suke kawo maka su kafa su tafi, ba sai ka ja da motarka ba

Direban Tirela: Yauwa gara da kika faɗi haka don ni abin da ya fi damuna ke nan tun ɗazu kuna ta kare kare. Abu Khalil wace mota gare ka? Kada wani ya ce maka ai ka ɗaura kawai ka ja. Daga Greensboro I-40 za ku bi, wajen mil 170, kuma bayan Old Fort akwai hawan dutsen nan mai tsawon wajen mil shida, hawan ba shi ne matsala ba saukowar ce ranar dawowa, ka ga wuraren yashi da aka yi a gefen titi don manyan motocin da birkinsu ya ƙone ai ba ado aka yi su ba. Ni da babbar mota nake bi ina ganin masu tirelar kwana suna taka birki tun daga sama har ƙasa hayaƙi na tashi. A lamba biyu ko uku ake saukowa injin ya riƙe motar. Sannan lodin kaya, nauyin da ke kan ƙugiya ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar, in ka jibge kaya a baya tana fara rawa a kan titi to sai dai Allah ya kiyaye

Abu Khalil: Sienna ce da ni oga, kuma ba ni zan ja ba, su za su ja abinsu ni bin su kawai zan yi a baya

Direban Tirela: To alhamdulillahi, ka ba su tazara dai

Bulus na Kaduna: Ni ina ganin ana yi wa wuraren dafa giyar nan wani kallo da ba haka suke ba. Ni Kirista ne kuma ba na sha, likita ya hana ni, amma na je Sierra Nevada ɗin da ke Mills River. Ba irin mashayar da kuke tunani ba ce mai duhu da kiɗa da 'yan maye, masana'anta ce babba a cikin daji kusa da filin jirgi, da manyan tukwanen jan ƙarfe da ake leƙawa ta gilashi, da gidan abinci, da fili a baya yara na guje-guje, tsofaffi na zaune da karnukansu. Aikin ma in ka duba kusan irin na burukutu ne a wajenmu, a jiƙa hatsi ya tsira a shanya a niƙa a dafa a bar shi ya tashi, su sha'ir suke amfani da shi maimakon dawa sai wani fure mai ɗaci da suke ƙarawa wai shi hops. Akwai lemo akwai ruwa akwai abinci, ba wanda zai ce maka don me ba ka sha

Ɗan Maraɗi: Bulus ko da zinari aka yi tukwanen, abin da ke ciki shi ne magana. Gidan burukutun ma ai akwai mai tsire a ƙohwa, amma ba ka ga malami ya je can sayen tsire ba

Bulus na Kaduna: Hhhhh Ɗan Maraɗi wallahi na sha ganinsu, da daddare suke zuwa

Maman Ilham: Kai Bulus 😂

Malam Abu Hafsa: Bulus na fahimce ka kuma na san ba da wata manufa ka faɗa ba. Kyan wurin ma shi ne abin da ya sa nake jan kunne, don in wuri ya yi muni kowa zai guje shi da kansa, amma wanda aka share aka sa fitilu yara na wasa, shi ne yaro zai taso yana ganin ba komai. Abu Khalil da yara zai je. Gidan abincin da ke sayar da giya a gefe, wannan a ƙasar nan kusan ba ka da yadda za ka yi, wasu malamai sun yi sauƙi in ba a teburinka ake sha ba. Amma wurin da aka gina shi don giya, sunansa giya, abin da ya tara mutane giya, kuma abokan tafiyarka a teburinku za su sha, ni ban ga ƙofa ba

Injiniya: Kuma ku sani a Asheville abin ba ƙarami ba ne, garin da kansa yana alfahari da shi. Highland ɗin da aka ambata shi ne na farko, 1994 wani injiniya Oscar Wong ya buɗe shi a ƙarƙashin wani gini a tsakiyar gari, sannan a 2005 jihar ta ɗaga iyakar ƙarfin giya daga kashi 6 zuwa 15, daga nan ƙananan masu dafawa suka yi ta ɓullowa, har manya daga yamma suka zo, Oskar Blues a Brevard, Sierra Nevada daga Kalifoniya, New Belgium a bakin kogin French Broad. Abin mamaki jihar nan tun 1908 ta kaɗa ƙuri'ar hana giya, kafin ma ƙasar gaba ɗaya ta hana a 1920. Yanzu kuwa in Bature ya ce maka zo mu je Asheville to a ransa zagayen nan yana ciki, kamar yadda hawan dutse ke ciki, ba wai yana son ya gwada imaninka ba ne, shi bai ma san abin zai dame ka ba

Hajiya Babba: To ai shi ya sa sai a faɗa masa. Mu matsalarmu kunya, sai mu ƙi faɗin gaskiya mu ce yaro ba lafiya, gobe ya sake gayyata mu sake ƙarya

Ummu Sudais: Ni tambayata daban, wai giyar nan da suke cewa ba ta da maye fa? Mijina abokan aikinsa kullum sai sun ce masa ai akwai wadda ba komai a ciki

Injiniya: A dokar Amurka in dai ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba ana iya rubuta mata cewa ba ta da maye, wato 0.5, don haka ba lallai sifili ba ce. Akwai masu rubuta 0.0 su ne aka cire kusan gaba ɗaya. Root beer kuma duk da sunan lemo ne kawai na yara

Malam Abu Hafsa: Wannan wata muhawara ce mai tsawo Ummu Sudais, a buɗe mata nata zaren kada mu ɓatar da Abu Khalil

Baban Amira: Ni na yi irin tafiyar nan da maƙwabcina kuma abin da na yi mai sauƙi ne. Tun kafin mu tashi na ce masa ni da iyalina ba ma shiga wurin giya, addini ne, amma duk sauran muna tare. Budar bakinsa sai ya ce to ai ka taimake ni, dama ina tunanin yadda zan yi da karnuka, ba a barin su a mota da rana zafi zai kashe su, a sansani kuma doka ta hana ka ɗaure kare ka tafi ka bar shi yana haushi. Ƙarshenta su suka tafi zagayensu mu muka zauna a bakin rafi da karnukan a ɗaure a jikin tebur, uwargida ta ɗora shinkafa da miya a kan risho ni na hura gawayi na gasa kaza da yajin ƙuli, kafin magariba suka dawo ƙamshi ya cika wurin har mutanen tirelar gefe suka leƙo suna tambaya mene ne wannan. Matar maƙwabcin nan sai da ta juye sauran yajin a roba ta tafi da shi

Ɗan Maraɗi: Wato kai ka zama mai gadin karnuka su sun tahi shan giya. Allah ya sawwaƙe

Baban Amira: Ɗan Maraɗi ai ko ruwa ka ba kare akwai lada, ka tambayi Malam

Malam Abu Hafsa: Wannan gaskiya ne, hadisin mutumin da ya shayar da kare aka gafarta masa sananne ne. Amma kada a ja ni cikin rigimarku 😄

Hajiya Babba: Ni gadin karen ne ban yarda da shi ba, in ya tsinke ya shiga daji wa zai bi shi? Abu Khalil da ko kyanwa ba ya taɓawa

Abu Khalil: Hajiya kin tona min asiri. Gaskiya tsoronsu nake, ɗayan ƙato ne baƙi, in ya miƙe tsaye ya kai ƙirjina

Injiniya: To kada ka karɓi gadin, su tafi da abinsu, yawancin wuraren nan suna barin kare a filin waje in yana ɗaure shi ya sa ma masu karnuka ke son su. A sansani kuma dole igiya, ba ta wuce ƙafa 6 ba, don haka ba zai zo inda kake ba sai in kai ka je. Abin da zan ce ka kula da shi ya fi kare haɗari, beyar, wato ƙatuwar dabbar dajin nan da Turawa ke kira bear. Baƙaƙen beyar sun yi yawa a yankin har cikin gari suke shiga bin shara, kada ku bar abinci ko kula ko tukunyar miya a waje da dare, komai a mota a kulle, kilishi ma kada a kwana da shi a aljihu. Sai kaska, duk wanda ya shiga ciyawa a duba shi da yamma musamman yara, bayan kunne da ƙugu da bayan gwiwa, karnukan ma suna kwaso ta. Itacen wuta kuma kada ka ɗauko daga gida, a can ake saya saboda ƙwarin da ke kashe bishiyoyi

Maman Ilham: Abinci fa ku yi hattara, gashin da ake yi a Karolina da suke ta yabo naman alade ne, har waken gwangwani da ganyen da suke dafawa sau da yawa da shi a ciki. Ku sayi namanku na halal tun daga Greensboro ku sa a ƙanƙara, ku tafi da wayar gashinku ko ku shimfiɗa takardar alminiyom a kan ta sansanin don ba ka san me aka gasa a kai jiya ba

Ummu Sudais: Buta. Kada a manta buta. Bayin tirela ɗan mitsitsi ne kuma tankinsa cika yake, in kuna zuba ruwa irin namu kafin kwana biyu ya cika sai an ja ta an kai wurin juyewa, gara ku riƙa amfani da bayin sansanin, alwala kuma a waje

Direban Tirela: Wannan ita ce shawarar da ta fi kowacce a zaren nan wallahi

Malam Abu Hafsa: Sallah kuma kuna da kasaru, tafiyar ta wuce mil 48 nesa ba kusa ba kuma ba kwana huɗu za ku yi ba. Ka sauke alƙibla a waya tun kana gida don cikin kwarin nan sabis yana ɗaukewa. Kiran sallar asuba na waya a rage masa murya, sansanonin nan suna da dokar shiru daga goma na dare zuwa safiya

Bulus na Kaduna: Wani abu kuma, ku duba hanya kafin ku tashi. Tun guguwar Helene ta ƙarshen Satumban 2024 wurare da yawa sun lalace, kogin French Broad ya cinye unguwar masu zane-zane ta bakin ruwa, garin Asheville ya yi kusan wata biyu ba ruwan famfo mai shaawuwa, Parkway ɗin ma zaftarewar ƙasa ta yanke shi a wurare da dama an daɗe ana gyara. Shafin hukumar gandun daji yana nuna inda ke buɗe da inda ke rufe. Kuma in abokin naka ya ce ku zarce dajin Great Smoky ka tuna masa can ba a barin kare a hanyoyin daji sai guda biyu, ta Gatlinburg da ta bakin kogin Oconaluftee, gara ku tsaya dajin Pisgah ko na DuPont

Ɗan Maraɗi: Ni dai har yanzu ban ga abin da ya sa dole sai da su ba. Mu nan Greensboro mu nawa ne? 'Yan Nijar kaɗai mun isa mu cika sansani guda. Mu haɗa kuɗi mu yi hayar tirela mu tahi da iyalanmu, ba kare ba giya, a yi dambu a yi shayi a yi jam'i

Maman Ilham: Shekara nawa kana faɗin haka Ɗan Maraɗi? Ko wurin shaƙatawar cikin gari aka ce a haɗu ƙarfe biyu sai biyar ake ganinku

Ɗan Maraɗi: Wannan karon da gaske nike

Hajiya Babba: In da gaske kake ni zan kawo fura

Abu Khalil: Jama'a na gode ƙwarai, yanzu na fito hutun rabin rana na same shi na faɗa masa yadda Baban Amira ya ce, ban yi kwana-kwana ba. Ya ce shi bai san abin haka yake ba, za su je zagayensu ranar Asabar da yamma su dawo, matarsa ce za ta tuƙa don ita ba ta sha in za ta riƙe sitiyari, kuma ba za su kawo kwalba teburin da za mu ci abinci ba. Tirelar da za a ba mu ma ashe abokin ba shi da kare, kyanwa ce da shi kuma a gida yake barinta. Saura in shawo kan uwargida don ita tun da ta ji batun beyar ta ce a kai kasuwa

Injiniya: Ka nuna mata hoton Looking Glass. Kuma ku tafi da rigunan sanyi ko da rani ne, can sama da dare ba irin Greensboro ba ne

Ummu Sudais: Ka ba ni lambarta ta inbox in yi mata magana, amma kada ka ce mata ni na ce beyar ba ya zuwa don yana zuwa